Daga Kasuwar Creek Road zuwa Omagwa: Yadda ake zana wa jirgin sama lanƙwasasshiyar hanyar sauka, da waɗanda ke sa mata hannu

Tun kafin rana ta ɓullo, Kasuwar Creek Road da ke tsohon garin Fatakwal ta riga ta farka. Daga bakin ruwa ana ta hawowa da busasshen kifi da jatan lande, daga bakin titi kuma manyan motocin da suka kwana a hanya daga Arewa suna sauke albasa da wake da tattasai. Hausawan da ke kasuwanci a nan, kamar 'yan uwansu na Anacha da na Enugu, mutanen mota ne. A mota kayansu ke zuwa, a mota suke tafiya gida da Sallah.

Sai dai akwai ranar da mota ba ta da amfani. Waya za ta yi ƙara bayan sallar Asuba, a ce mahaifiya ta cika a Kano, za a yi jana'iza bayan La'asar. Tsakanin Fatakwal da Kano a mota ya haura kilomita 1,000, ba a cinye shi a yini. Abin da ya rage wa mutum shi ne ya garzaya filin jirgin sama na Omagwa, ya kama jirgin Abuja, daga can ya nemi na Kano. Shi kuwa wannan jirgi ba zai ɗauke shi ba sai idan ya samu sauka tukuna. Idan hadari ya rufe gari, ko hazo ya sauko, samun saukarsa ko komawarsa inda ya fito ya rataya ne a kan wata takarda guda da ke gaban matuƙi, wato taswirar hanyar sauka, wadda wasu ma'aikata suka zana, wasu suka gwada, wasu kuma suka sa wa hannu.

A 'yan shekarun nan wannan takarda ta sauya kama a duniya. A da, tilas jirgi ya miƙe sak da titinsa tun daga nesa. Yanzu akwai hanyoyin da tauraron ɗan Adam ke jagoranta, waɗanda ke ba jirgi damar shan kwana a cikin gajimare, ya zagaye dutse ko unguwa, ya daidaita da titi saura 'yan kilomitoci kaɗan. A harshen ma'aikatan jiragen sama sunanta RNP AR, kuma haruffa biyun ƙarshe na nufin ba mai bin ta sai da izini na musamman.

Ranar da Fatakwal ba ta mantawa

Ranar Asabar, 10 ga Disamba, 2005, jirgin kamfanin Sosoliso ƙirar DC-9 ya taso daga Abuja da mutum 110. Ya iso Fatakwal da rana, ya tarar da ruwa da iska. Ya daki ƙasa a gefen titin jirgi, ya bugi wata magudanar ruwa ta kankare, ya tarwatse ya kama da wuta. Mutum 108 suka rasu, 60 daga cikinsu ɗaliban makarantar Loyola Jesuit ta Abuja ne da ke komawa gida hutu, iyayen wasunsu na tsaye a filin suna jiran su.

Binciken hukuma ya nuna cewa matuƙan sun ci gaba da gangarowa har suka wuce tsayin da doka ta ce a yanke shawara, alhali ba su hango titi ba, sannan ga juyin iska na ba-zata, ga fitilun titi ba a kunne ba. Wannan tsayi, wanda ake kira tsayin yanke shawara, shi ne zuciyar kowace taswirar sauka. Idan jirgi ya kai gare shi, matuƙi ya ga titi, sai ya sauka. Idan bai gani ba, dole ya ƙara wuta ya koma sama. Duk aikin masu zane yana ƙarewa ne a kan wannan lamba guda: ƙafa nawa jirgi zai iya gangarowa a makance ba tare da ya taɓa komai ba. Sabuwar fasaha ba ta soke wannan doka ba. Abin da ta yi shi ne ta sauya yadda ake isowa ga wannan tsayi, da kuma wuraren da za a iya samar da shi.

Daga miƙaƙƙen layi zuwa shan kwana

Tsohuwar hanya, wadda har gobe ita ce ginshiƙi a manyan filaye, ita ce na'urar ILS. Ana kafa ta a ƙasa kusa da titin jirgi, tana harba saƙon rediyo iri biyu: ɗaya na nuna tsakiyar titi, ɗaya na nuna gangara, yawanci ta digiri 3, wato jirgi na sauka kimanin mita 52 a kowace kilomita. Na'ura ce amintacciya, amma tana da sharuɗɗa. Saƙon rediyo ba ya lanƙwasa, don haka dole a sami fili miƙaƙƙe mai tsawo babu dutse. Kowane bakin titi na buƙatar tasa na'urar. Tana son lantarki ba yankewa, da kayan gyara, da jirgin awo da zai riƙa zuwa a kai a kai yana tabbatar da cewa saƙonta bai karkace ba.

Sabuwar hanyar ba ta buƙatar komai a ƙasa. Taurarin GPS, waɗanda ke kewaya duniya a nisan kimanin kilomita 20,200, su ke gaya wa jirgi inda yake. Taurari huɗu sun isa a san matsayi, na biyar na ba na'ura damar gane cewa ɗaya daga cikinsu na ba da bayanin ƙarya, na shida kuma ya ba ta damar ware shi. Hanyar kanta jerin lambobi ce da ke cikin kwamfutar jirgi. Abin da ya bambanta RNP da sauran hanyoyin tauraro shi ne jirgin na sa ido a kan kansa: idan ya daina amincewa da lissafinsa, nan take zai gargaɗi matuƙi, shi kuma ya fasa sauka.

An fara wannan aiki ne a inda tsohuwar hanya ta gaza. Birnin Juneau na jihar Alaska a Amurka yana tsakanin duwatsu da mashigin ruwa, kuma gajimare ba ya rabuwa da shi. A 1996 kamfanin Alaska Airlines, da jagorancin wani matuƙinsa, Kyaftin Steve Fulton, ya fara bin hanyar da ta ratsa mashigin Gastineau. Daga nan fasahar ta bazu zuwa Queenstown a New Zealand, da Linzhi a yankin Tibet, da Kathmandu a Nepal, har da birnin Washington, inda jirage ke bin lanƙwasar kogin Potomac don kauce wa sararin da aka haramta shawagi a kansa. Hukumar Sufurin Jiragen Sama ta Duniya, ICAO, ta fitar da littafin ƙa'idojin zana irin wannan hanya a 2009.

Lissafin kwana guda

A hanyoyin da aka saba, idan aka ce jirage goma su juya a wuri ɗaya, kowanne zai bi tasa sawun, gwargwadon gudunsa da iskar da ta same shi. Saboda haka mai zane kan ware fili mai faɗi ya ce ko ina a ciki jirgi na iya bi. A sabuwar hanya kuwa, ana kafa cibiya, a auna nisa daga gare ta, a zana baka kamar yadda ɗalibi ke yi da kamfas. Kowane jirgi, babba ko ƙarami, a kan wannan baka zai bi.

Faɗin bakan ba da ka ake zaɓarsa ba. Jirgin da ke gudun kilomita 330 a awa, idan ya karkata fukafukansa da digiri 20, yana buƙatar baka mai nisan kusan kilomita 2.4 daga cibiya. Idan iska mai ƙarfi ta turo shi ta baya har gudunsa a kan ƙasa ya kai kilomita 425, wannan nisa zai koma kusan kilomita 3.9. Don haka mai zane kan yi lissafi da iska mafi muni da ake tsammani a wannan tsayi, ya kuma rubuta iyakar gudu a kan taswira. Matuƙin da ya wuce wannan iyaka, kwanar za ta ƙwace masa.

Sai faɗin hanyar. Ana auna ta da mil na teku. RNP 0.3 na nufin jirgi zai kasance cikin mita 556 daga tsakiyar layi a aƙalla kashi 95 cikin 100 na lokacin tafiya, RNP 0.1 kuma cikin mita 185. Mai zane kan ninka wannan lamba biyu a kowane gefe, ya tabbatar babu abin da ya tsaya a ciki. Ke nan a mafi ƙuncin hanya, mita 370 ne kacal tsakanin tsakiyar layi da inda kariya ta ƙare. Bayan nan babu wani rarar fili da aka ajiye don ko-ta-kwana, saɓanin sauran hanyoyi. Dutse na iya kasancewa daf da wannan iyaka, jirgi na wucewa ta gefensa a cikin gajimare. Wannan ne dalilin da ya sa ba a barin kowa ya bi ta.

Mai zane ba ya tsayawa a kan ranar lafiya kawai. Dole ya fitar da hanyar tsira ga jirgin da ya fasa sauka, a kuma duba yadda za ta kasance idan inji ɗaya ya mutu, ko saƙon tauraro ya ɗauke ana tsakiyar kwana.

Abin da garuruwan uku za su samu

A babban taronta na 2010, ICAO ta buƙaci ƙasashe su samar da hanyar sauka mai jagorar gangara a kowane bakin titin da ake sauka da na'ura, ta kuma sa 2016 a matsayin wa'adi. A Najeriya nauyin ya faɗa kan Hukumar Kula da Sararin Samaniya, NAMA, wadda aka kafa da dokar 1999. Ta fara da sake auna filayen jirage bisa ma'aunin WGS-84, wanda shi ne GPS ke amfani da shi, sannan ta fitar da hanyoyin tauraro a manyan filaye huɗu na Legas da Abuja da Kano da Fatakwal, kafin ta faɗaɗa zuwa wasu. Irin waɗannan hanyoyi na matakin farko kan ƙare ne da miƙaƙƙen layi, kuma yawancin jiragen zamani na iya bin su. Mai lanƙwasa har zuwa kusa da titi ita ce matakin da ke sama da wannan, kuma kowane fili da irin buƙatarsa.

Fatakwal shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ce, ba ta da duwatsun Kathmandu. Abin da take da shi shi ne cunkoso a ƙasa-ƙasan sama: jirage masu saukar ungulu da ke jigilar ma'aikatan mai, da sansanin sojin sama da ke cikin gari, da dogayen bututun ƙona iskar gas, da ƙarafan sabis. Titin Omagwa guda ɗaya ne mai baki biyu. Amfanin lanƙwasasshiyar hanya a nan shi ne ta rage zagaye, ta rage man da ake ƙonawa, ta raba manyan jirage da ƙanana, ta kuma zama madogara a ranar da na'urar ƙasa ta lalace ko ake gyaranta. Mutanen garin sun san ɗacin rashin fili, domin an rufe Omagwa daga Agustan 2006 har zuwa ƙarshen 2007.

Enugu kuwa sunanta ma na nufin kan tudu. Garin na zaune ne a gindin tsaunukan Udi, kuma Hausawa sun daɗe a cikinsa, har Malam Umaru Altine, mutumin ƙasar Sakkwato, ya zama magajin garinsa na farko a shekarun 1950. A 2019 Ministan Sufurin Jiragen Sama na lokacin, Hadi Sirika, ya koka da abubuwan da suka dabaibaye filin Akanu Ibiam da ke Emene, ciki har da kasuwa da mayankar da ke jawo tsuntsaye, da dogon turken gidan rediyo da ke kan hanyar sauka, ga kuma lalacewar titin kansa. An rufe filin a Agustan 2019, aka sake buɗe shi a Agustan 2020. Darasin a fili yake: abin da ke hana jirgi sauka ba lallai ya zama dutse ba, yana iya zama turken da wani ofishi ya ba da izinin kafawa ba tare da ya tuntuɓi wani ofishin ba.

Anacha tana tsakanin filaye biyu da ke kusa da juna: na Asaba a ƙetaren kogin Neja, wanda sai da aka yi ta sassaƙe tuddan da ke kewaye da shi, da kuma na Umueri da ya fara jigilar fasinja a ƙarshen 2021. Ga Enugu da Owerri ba nisa. A irin wannan matsatsin sama, hanyar da kowane jirgi ke bi sawu a kan sawu tana sauƙaƙa wa jami'an hasumiya aikin raba su.

Makullai uku

Kafin jirgi ɗaya ya sha wannan kwana da fasinja a ciki, sai an buɗe makullai uku, kuma dukkansu suna bi ta hannun Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Najeriya, NCAA.

Na farko ita ce hanyar kanta. Aikin kan fara da safiyo: a auna bakin titi, a auna kowane tudu da gini da turke da ke yankin. Mai zane ya yi aikinsa, sannan wani ƙwararren da bai sa hannu a zanen ba ya sake bin lissafin daga farko. Daga nan a gwada ta a na'urar kwaikwayon tuƙi, cikin iska mai ƙarfi da zafi da nauyin kaya iri-iri, sannan a tashi jirgi na gaske ya bi ta da rana tsaka, ana duba ko akwai abin da safiyo bai gani ba. A rubuta rahoton haɗurran da ka iya aukuwa da maganin kowanne. Sai hukuma ta gamsu za a buga ta a kundin bayanan jiragen sama na ƙasa. Bugawar ma da lokacinta: duniya duka na sauya bayanan jirage ne a ranaku ƙayyadaddu, bayan kowane kwana 28, kuma ana so sanarwa ta fita kwana 42 kafin ranar, ko 56 idan sauyin babba ne. Wannan tazara ce ke ba kamfanonin da ke harhaɗa bayanai damar mayar da taswira lambobin da kwamfutar jirgi ke karantawa. Bayan haka, ƙa'ida ta ce kada a wuce shekara biyar ba a sake nazarin hanyar ba.

Na biyu shi ne jirgin. Ana buƙatar kwamfutocin tuƙi biyu, na'urorin karɓar saƙon tauraro biyu, na'urar da ke ci gaba da lissafin matsayi ko da tauraro ya ɗauke, da wadda ke gargaɗi idan an doshi ƙasa. Tsofaffin jirage da yawa ba su da wannan, kuma sa musu shi na da tsada. Sababbin ƙira irin su Embraer E195-E2 da Airbus A220, waɗanda suka shigo Najeriya a 'yan shekarun nan, sun fi kusa da cika sharuɗɗan, amma mallakar na'ura ba ita ce izini ba.

Na uku shi ne kamfanin da matuƙansa. Dole a horar da su a na'urar kwaikwayo, a rubuta musu abin da za su yi idan gargaɗi ya fito ana tsakiyar kwana, kamfani ya nuna yadda yake tantance bayanan da ake loda wa jiragensa duk bayan kwana 28, da yadda yake duba hasashen samuwar taurari kafin kowace tafiya. Su ma jami'an hasumiya sai sun koyi cewa jirgin da ya shiga baka ba a yanko masa hanya a jefa shi tsakiyarta.

Kuskuren lamba guda

Abubuwa biyu da suka faru a ƙasashen waje sun isa su nuna dalilin wannan tsanani, kuma dukkansu sun shafi aikin tebur.

Ranar 4 ga Maris, 2015, jirgin Turkish Airlines ƙirar Airbus A330 ya bi irin wannan hanya zuwa Kathmandu cikin hazon safiya. Kafin nan hukumomin Nepal sun fitar da sababbin lambobin matsayin bakin titi saboda wani aiki da suka shirya, daga baya suka janye sanarwar, amma lambobin sun riga sun shiga kwamfutar jirage, kuma ba su dace da tsakiyar titi ba. Jirgin ya bi abin da aka rubuta masa, matuƙan suka ci gaba da sauka ba tare da sun ga titi sosai ba, ya dira a gefe ya zarce cikin ciyawa. Ba a rasa rai ba, amma filin jiragen ƙasa da ƙasa ɗaya tilo da Nepal ke da shi a lokacin ya kasance a rufe kimanin kwana huɗu.

Na biyu ya faru a filin Charles de Gaulle na birnin Paris ranar 23 ga Mayu, 2022. A irin waɗannan hanyoyi tauraro na nuna dama da hagu, amma tsayi ana samun sa ne daga nauyin iska, wanda hasumiya ke karanta wa matuƙi. An ba wani jirgin Airbus A320 da ya taso daga Stockholm lamba 1011 maimakon 1001. Wannan bambanci ya sa jirgin ya kasance kimanin ƙafa 280 ƙasa da inda ma'auninsa ke nunawa. Cikin ruwan sama, ya gangaro har saura ƙafa 6 ya taɓa ƙasa, fiye da kilomita guda kafin titi, sannan ya samu ya koma sama. Ke nan ma'aunin nauyin iska na Hukumar Hasashen Yanayi, NiMet, da bakin jami'in da ke karanta shi, wani ɓangare ne na hanyar, daidai da tauraron da ke sama.

Abin da ba za ta magance ba

Akwai masu zaton cewa da zarar an koma ga tauraro, an rabu da matsalar hazon hunturu. Ba haka ba ne. Mafi ƙarancin tsayin yanke shawara da lanƙwasasshiyar hanya ke bayarwa bai gaza ƙafa 250 ba, alhali ILS mai daraja ta ɗaya na kaiwa ƙafa 200, mai daraja ta uku kuma na iya sauke jirgi cikin hazon da matuƙi ba ya ganin komai sai daf da ƙasa. A Fabrairun 2020, lokacin da hazo ya rufe Legas ana tsakiyar aikin daidaita sabuwar na'urar, jiragen ƙasashen waje da dama sun karkata zuwa Accra, fasinjoji suka yi kwanaki a can. Abin da ya warware wannan shi ne kammala awon na'urar ƙasa. Hanyoyin biyu abokan aiki ne, kowace da ranarta.

Akwai kuma matsalar da ta keɓanta da ƙasashen da ke kusa da tsakiyar duniya, har da Najeriya. Bayan faɗuwar rana, musamman a watannin Maris da Afrilu da Satumba da Oktoba, wani ɓangare na sararin sama kan rikice, ya sa saƙon tauraro rawa ko ya ɗauke na ɗan lokaci. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa ake ƙoƙarin samar wa Afirka tsarin da ke gyara saƙon GPS. Tauraron NigComSat-1R da aka harba a Disambar 2011 yana ɗauke da na'urar wannan aiki, kuma da shi aka fara watsa saƙon gwaji a 2020 tare da hukumar ASECNA ta ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci.

Abin da ke kan teburin Abuja

Ga ma'aikacin da fayil ɗin wannan aiki zai biyo ta hannunsa, ko hadimin da zai rubuta wa mai gidansa taƙaitaccen bayani kafin zaman kare kasafin kuɗi, wahalar ita ce aikin ba shi da abin ɗauka a hoto. Ba gini, ba kintinkirin da za a yanka. Kuɗinsa na tafiya ne a kan safiyo, da lasisin manhajar zane, da sa'o'in jirgin awo, da horar da mutane ƙalilan waɗanda ƙwarewarsu kan ɗauki shekaru, kuma da zarar sun ƙware ƙasashen waje ke zawarcinsu. Irin waɗannan layuka ne ake fara sokewa idan aka ce a rage kasafi.

Tambayoyin da suka kamata a yi ba su da yawa. Yaushe aka yi safiyon ƙarshe na kewayen Omagwa da Emene, kuma turaku nawa aka kafa bayansa? Shin ofisoshin tsara birane na jihohi na neman takardar izinin tsayi daga NCAA kafin su amince da dogon gini? Masu zane nawa NAMA ke da su, kuma wa ke duba aikinsu, tun da doka ba ta yarda mai zane ya zama mai tantance kansa ba? Sufetoci nawa ne a NCAA suka san wannan fanni har za su iya ƙin sa hannu idan sun ga gyara? Wane gurbi Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa tun 1964, za ta cike, kuma me ƙasar ke amfana da shi daga shirin zana hanyoyin jirage na Afirka da ICAO ta kafa a Dakar a 2014? Sannan babbar tambaya: kamfanoni nawa ne ke da jiragen da za su bi hanyar idan an zana ta? Hanyar da aka kashe kuɗi a kanta babu mai bi, asara ce. Wadda kuma aka yi gaggawar sa wa hannu don a cika wa'adi, ta fi asara muni. Da muguwar rawa, gara ƙin tashi.

A Kasuwar Creek Road babu mai zancen RNP, kuma ba a sa ran a yi. Mai albasa ya san farashin buhu a Aliero, ya san kuɗin mota, ya san shingayen da ke kan hanya. Amma ranar da kiran asuba ya zo masa, ko ranar da maniyyatan jihar Ribas suka taru a Omagwa da jakunkunansu suna jiran jirgin Saudiyya, abin da zai raba tsakanin tafiya da kwana a benci shi ne ko safiyo ya auna turken da aka kafa bara, ko an duba lambar bakin titi sau biyu, ko fayil ɗin horar da sufeto ya fita daga ofis a kan lokaci. Duk waɗannan aiki ne da ake yi watanni kafin hadari ya taso, domin ba a fafe gora ranar tafiya.